Layi ɗaya ya mutu a amfilifayar jita mai kwalba: yadda muka gano matsalar da wayar hannu ba tare da mun kwance ta ba

Yau za mu ɗan ajiye zancen manhajoji mu taɓa ƙarfe, ko da yake wayarka ce za ta yi rabin aikin.

Ina da wani aboki a nan Birnin Gwari da kiɗan jitar mutanen Agadas ya shiga ransa. Bidiyon Bombino da na Mdou Moctar ya yi ta kallo a waya har ya koyi kaɗawa, daga baya ya tara kuɗi ya sayo tsohuwar amfilifaya ta gwanjo a Kaduna. Irin mai nauyin nan ce da sifikarta a jikinta, idan ka leƙa ta baya za ka ga ƙananan kwalaben gilashi a jere suna ja kamar garwashi. Layi biyu gare ta, wato hanyoyi biyu na shigar da sauti, kowanne da ramukansa biyu da mamurɗansa. Yana sa jita a ɗaya, makirfo a ɗayan. Da damina ya yi tafiya ya bar ta a zaure kusan wata biyu. Da ya dawo, layi na biyu na aiki lafiya lau, na farko kuwa ya ƙi: rami ɗaya shiru kamar an ɗauke wuta, ɗayan kuma sauti a shaƙe, yana ƙaraf-ƙaraf. Ga shi an riga an ba shi kafin alkalami na wani biki ranar Asabar.

Mai gyaran rediyon da ya fara kai wa bai ɓoye masa ba, ya ce shi bai taɓa aiki a kan mai kwalba ba. Zaɓi biyu ya ba shi: ko a kwashe kayan cikin a dasa mata allon zamani irin na sifikun Bluetooth, ko ya kai ta Kaduna. Na farko kashe ta ne, don kwalaben nan su ne dalilin sayenta. Na biyu kuma, duk ɗan Birnin Gwari ya san cewa tafiyar kilomita kusan 120 ta Udawa da Buruku ba abu ba ne da ake yi don nishaɗi, ko yanzu da aka samu sauƙi. Ga ramukan hanya, ga gilashi a but ɗin mota.

Ni ba mai gyaran lantarki ba ne, manhaja nake rubutawa, ita ma a gaban kwamfuta na koya wa kaina. Amma da ya kawo min kukansa, abin da ya fara faɗa ya ishe ni. Na ce, "Mutumina, ka ce layi na biyu na aiki?" Ya ce ƙwarai. Na ce to ai ka riga ka gama fiye da rabin binciken, ba ka sani ba ne.

Abin da layin da ke aiki yake gaya maka

Sauti a cikin amfilifaya tafiya yake yi daga tasha zuwa tasha. Yana fitowa daga jita da ɗan ƙarfi ƙalilan, yawanci ƙasa da bolt ɗaya. Ya bi kebul, ya shiga rami, ya isa ƙaramar kwalba ta farko da ke ƙara masa ƙarfi, ya ratsa mamurɗan kauri da siranta, ya wuce mamurɗin ƙara, a sake ƙara masa ƙarfi. Daga nan ne layukan biyu ke haɗuwa su zama hanya ɗaya, su bi ta manyan kwalabe, su shiga taransifomar fitarwa, su fito ta sifika.

Ka ɗauke shi kamar hanyar Funtuwa da hanyar Kaduna da ke haɗuwa a cikin gari. Idan motocin Funtuwa na shigowa kasuwa lafiya amma na Kaduna ba sa isowa, ba za ka je ka tono titin bakin kasuwa ba. Matsalar tana can baya, kafin mahaɗa. Haka nan, tunda layi na biyu na fitar da sauti garau, wutar da ke shiga lafiya take, manyan kwalaben lafiya suke, taransifoma da sifika ma haka. Duk kayan tsadar sun fita daga zargi. Abin da ya rage ɗan gajeren zango ne: rami, kwalba guda, mamurɗai, da wasu 'yan resistoci da kafasitoci.

Mu masu rubuta manhaja haka muke farautar kuskure. Ba ma karanta layi dubu goma daga farko. Muna raba wurin da ake zargi biyu, mu gwada, mu jefar da rabin da ya wanke kansa, mu sake raba ragowar. Sannan abu ɗaya muke canzawa a kowane gwaji. Idan ka canza kebul da jita da rami a lokaci guda sauti ya dawo, ba ka san wanne ne mai laifin ba, kuma zai dawo maka ranar biki.

Kafin ka taɓa komai

Wannan ɓangaren kada ka tsallake shi. Amfilifaya mai kwalba ba irin sifikar Bluetooth ba ce da ke aiki da batirin bolt 12. A cikin akwatin ƙarfenta akwai wutar da ke haura bolt 400 a da yawa daga cikinsu, kuma manyan kafasitocinta na iya riƙe wannan wutar bayan ka zare ta daga soket. Mutum zai iya mutuwa a jikin amfilifayar da aka kashe. Don haka duk abin da zan faɗa a nan daga waje ake yin sa. Ba a zare akwatin ƙarfen, ba a zura sukundireba ciki.

Na biyu, kada ka kunna ta sifika ba ta jone. Mai taransista ba ta cika damuwa da wannan ba, amma mai kwalba idan ta tura ƙarfi ba ta samu inda za ta sauke shi ba, taransifomar fitarwa ce ke ƙonewa, ita ce kuwa kusan mafi tsada a jikinta. Na uku, ka karanta rubutun da ke bayanta. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, sai da taransifomar rage wuta. Na huɗu, yawancin gidajenmu ba su da wayar ƙasa a soket. Bayan ka kunna, ka ɗora testa a jikin ƙarfen gabanta. Idan ta kama sosai, ko igiyoyin jita na ɗan jan hannunka, ka kashe ka tsaya nan. Wannan matsalar ta fi mutuwar layi girma, aikin ƙwararre ce.

Wayarka a matsayin jita

Mun fara da abu mafi arha. Kebul ɗin da jitar da ke aiki a layi na biyu, su muka ɗauka muka mayar layi na farko. Matsala ta tsaya a layi na farko. Kebul da jita sun wanke kansu. Kada ka raina wannan matakin, sau da yawa a nan labarin yake ƙarewa, musamman a amfilifayar masallaci irin su Ahuja inda ake ta jan kebul ɗin makirfo sau biyar a rana.

Sai dai gwaji da jita na da wahala, don sautinta tashi yake yi ya sauka, kuma hannuwanka biyu na kanta. Abin da kake so shi ne sauti ɗaya miƙaƙƙe da ba ya canzawa. A nan waya ta shigo. A Play Store akwai manhajojin kyauta masu fitar da irin wannan sautin, ka zaɓi lamba, misali 440 ko 1000, ta yi ta kuka a kansa ba tsayawa. Ka sauke ɗaya wadda ke aiki ba data. Tun lokacin da aka rufe mana layukan sadarwa a ƙarshen 2021 na daina yarda da duk kayan aikin da sai da intanet yake motsi, kuma har yau ban yi nadama ba.

Kana buƙatar kebul mai ƙaramin kai na milimita 3.5 a gefe ɗaya da babban kai na milimita 6.35 a ɗayan, ko ƙaramin kebul da adafta. Idan wayarka ba ta da ramin iyafis, sai ka haɗa da adaftar USB-C. Abubuwa biyu za ka kiyaye. Waya na iya fitar da ƙarfin da ya fi na jita, don haka ka sauke ƙararta zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mamurɗin amfilifaya kuma ka fara daga sifiri. Sannan kada wayar ta kasance a caji, don caja na shigo da nata gurnanin, ta rikita maka gwaji.

Muka fara sa sautin a layi na biyu don mu ji yadda lafiyayye yake, muka lura da inda mamurɗin yake. Sannan muka koma layi na farko. Rami na biyu ya ba da sauti siriri yana yankewa. Rami na farko ko motsi. A nan ne abokina ya ce, "Kai, fulogin nan fa kamar ba ya shiga duka." Gaskiyarsa. A sauran ramukan ana jin ƙas idan ya zauna, a wannan kuwa sai ya tsaya da ɗan saura.

Muka kashe, muka zare daga wuta, na kunna fitilar waya na ɗauki hoton cikin ramin na zuƙo shi. Laka ce. Zanzaro ya samu rami mai duhu daidai jikinsa a zauren da ba kowa, ya yi gini. Da tsinken sakace da ɗan hura iska muka fitar da ita, muka jiƙa kan fulogi da sifirit muka yi ta sa shi muna zarewa kamar sau ashirin, muka bari ya bushe. Man inji ko man gyaɗa kada su kusanci wurin nan, ƙurar hunturu za su tara maka.

Ramin nan ba rami kawai ba ne, shi ya sa ɗan datti ke kashe shi. A cikinsa akwai ɗan harshen ƙarfe da ke taɓa kan fulogi, da kuma wani ƙaramin makulli da ke rufe hanyar idan ba a sa komai ba, don kada amfilifaya ta yi ta gurnani ita kaɗai. Shigar fulogi ce ke buɗe makullin. Idan bai shiga har ƙarshe ba, ko harshen ya lanƙwashe, sauti ba shi da hanya. Wani abin da ya kamata ka sani: a tsarin da kamfanin Fender ya shahara da shi a shekarun 1960, wanda kamfanoni da dama suka kwaikwaya har da wanda ya ƙera ta abokina, rami na biyu da gangan aka yi shi ya rage ƙarfin sauti da rabi. Idan ka ji ya ɗan fi na farko sanyi, ba lalacewa ba ce.

Muka kunna muna murna. Rami na farko ya farfaɗo, amma da irin ciwon ɗan'uwansa: sauti a shaƙe, ƙaraf-ƙaraf. Ashe matsala biyu ce, ɗaya ta ɓuya a bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa gyara kuskure a manhaja ya ga wani ya fito daga ƙarƙashinsa ya san yadda na ji.

Gwajin da ba ya buƙatar komai

Yanzu sai a sake raba zangon biyu, kuma mamurɗin ƙara shi ne tsakiyar. Ka zare komai daga ramukan, ka sauke layin da ke lafiya zuwa sifiri, sannan ka murɗa ƙarar layin da ke ciwo a hankali, kunnenka kusa da sifika.

Lafiyayyen layi zai ba ka wani siririn huci, shuuu, da ke ƙaruwa yayin da kake murɗawa. Wannan numfashin kwalbar farko ne. Idan ka ji shi tsaf amma jita ba ta fita, hanya a buɗe take tun daga kwalba har sifika, ka koma kan rami. Idan ƙaraf-ƙaraf ɗin na zuwa ne kawai a daidai lokacin da hannunka ke juya mamurɗin, ya tsaya idan ka tsaya, yawanci datti ne a cikin mamurɗin, kuma juya shi daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa amfilifaya na kashe yakan rage shi. Idan hayaniyar na nan ko ka sauke shi zuwa sifiri, tana gaba da mamurɗin. Idan kuma tana tashi da sauka tare da shi, tana bayansa.

Tamu ta ƙarshen ce. Ba kebul, ba jita, rami a wanke, amma hayaniya na bin mamurɗi. Zargi ya koma kan kwalbar farko ko 'yan kayan da ke kewaye da ita.

Ita kanta kwalbar

Kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, da waɗannan kwalaben ake ƙara ƙarfin sauti a rediyo, da su aka gina kwamfutocin farko. John Ambrose Fleming ne ya yi ta farko a Ingila a 1904. Gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa, da wani zare da ke zafi yana sakin lantarki, da wata 'yar raga a tsakiya da ƙaramin sautin jita ke sarrafawa. Duniya ta bar su tuntuni, amma makaɗan jita sun ƙi, saboda yadda sautinsu ke yin kauri da daɗi idan aka matsa musu. Yau ƙasashe ƙalilan ne ke ƙera su da yawa, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa a 2022 da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha suka yi tsada a ko'ina.

Ƙaramar da ke bakin kowane layi kusan kullum 12AX7 ce, a Turai kuma ana rubuta mata ECC83, abu ɗaya ne. Ƙafafu tara gare ta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne kwalba biyu ce a cikin gilashi ɗaya. Rabi na iya gajiya ko ya mutu, ɗayan na aiki, tana kuma ci gaba da yin ja. Abokina ya yi ta cewa ai duk suna kamawa. Kamawa na nuna zaren zafi na da rai ne kawai. Alamar da ido ke iya gani da tabbaci ita ce tabon da ke saman gilashin: idan yana sheƙi kamar madubi babu laifi, idan ya koma fari kamar alli iska ta shiga, kwalbar ta gama.

Tamu tana sheƙi, don haka muka yi gwaji biyu. Na farko, amfilifaya na kunne, muka ɗan ƙwanƙwasa gilashin kowace ƙaramar kwalba da busasshen tsinken itace, a hankali. Ba ƙarfe ba, ba yatsa ba. Sauran suka ba da ɗan sauti kaɗan, wanda ba komai ba ne. Ta farko kuwa ta amsa ta sifika da ƙara kamar an taka busasshen ganye.

Na biyu shi ne ya yanke hukunci: musanya. Yawancin irin waɗannan amfilifayoyi na da takarda manne a cikin akwatin katakon da ke nuna lambar kowace kwalba da mazauninta. Ka ɗauki hotonta, ka ɗauki hoton jeren kwalaben kafin ka taɓa su. A tamu, ta farko daga gefen ramuka ta layi na farko ce, mai bi mata ta layi na biyu, dukansu 12AX7. Muka kashe, muka zare daga bango, muka jira kamar minti goma sha biyar suka huce. Idan akwai murfin ƙarfe a kanta, dannawa ake yi a ɗan juya ya fita. Kwalbar kuma a kama ta a ja ta miƙe ana ɗan kaɗa ta, ba a murɗa ta kamar ƙwan fitila. Wajen mayarwa ka duba giɓin da ke tsakanin ƙafafun ka daidaita shi da na mazaunin, kada ka danna da ƙarfi. Ka kuma karanta lambar da kyau, don akwai 12AT7 a jeren, kamarsu ɗaya amma aikinsu daban.

Muka musanya, muka kunna, muka jira minti ɗaya, na saki sautin waya. Layi na farko ya fito garau. Na biyu ya ɗauki shaƙewa da ƙaraf-ƙaraf. Ciwo ya bi kwalba.

Da a ce bayan musanya duka layukan sun warke, to tsatsa ce a ƙafafun, zarewa da mayarwa ta goge ta, hakan na faruwa sosai bayan damina. Da kuma ciwon ya tsaya a layi na farko duk da an canza kwalba, to ya rage mazaunin kwalbar, ko resista, ko kafasita, ko dalmar da ta tsage. Waɗannan duk a cikin akwatin ƙarfe suke, nan aikinka ya ƙare. Amma ko a haka ba ka yi asara ba. Akwai bambanci tsakanin ka ce wa mai gyara "ba ta yi" da ka ce masa "layi na farko ne, rami da kwalba lafiya suke, hayaniyar na bayan mamurɗin ƙara". Ka tura masa bidiyon gwajin ta WhatsApp tun kafin ka hau mota, ya gaya maka ko zai iya.

Saura bikin Asabar, kuma ba mu san mai sayar da 12AX7 a gari ba. Takardar nan ta cikin akwati ce ta cece mu. Akwai wata 12AX7 can cikin jeren wadda aikinta kawai shi ne tiremolo, wato sa sauti ya riƙa rawa yana tashi da sauka. A irin wannan tsarin idan aka cire ta, tiremolon ne kaɗai ke tsayawa, sauran na ci gaba da aiki. Ba kowace amfilifaya ce haka ba, sai ka tabbatar daga takardar taka. Muka ɗauko ta muka sa a mazaunin mai ciwon, muka bar nata mazaunin babu komai. Layi biyu suka dawo.

Ya yi bikinsa ba tiremolo, kuma a cewarsa ba wanda ya lura. Sabuwar kwalbar ta intanet muka saya aka kai wa wani ɗan'uwansa a Kaduna, direba ya kawo ta a cikin kwalin sabulu an naɗe ta da tsumma. Ramukan huɗu kuwa yanzu duk lokacin da zai ajiye ta sai ya liƙe su da salatif, saboda zanzaron na nan a zauren.